Yadda tsohon sojan Amurka da ke zaune a Kaduna zai nemi kuɗin nakasa kan ɗaukewar numfashi a barci

A cikin 'yan Arewa da suka tafi Amurka ta hanyar karatu ko cacar biza, akwai waɗanda suka shiga aikin soja a can, wasunsu har an tura su Iraƙi da Afghanistan, daga baya suka ajiye kaki suka dawo gida suka zauna a Kaduna da iyalansu. Dokar Amurka ba ta hana irin waɗannan mutane haƙƙinsu don sun bar ƙasar, kuma matuƙar ba korar wulaƙanci aka yi wa mutum daga aiki ba, yana da damar neman kuɗin nakasa na wata-wata daga ma'aikatar kula da tsoffin sojoji, wadda aka fi sani da VA, a kan duk wata cuta da aikin soja ya jawo masa ko ya tsananta ta. Ɗaukewar numfashi a cikin barci tana cikin cututtukan da ake yawan nema a kansu, tana kuma cikin waɗanda ake yawan ƙin amincewa da su, kuma galibi ba don ana shakkar mutum yana da ciwon ba ne, sai don ya kasa nuna abin da ya haɗa ciwon da aikin da ya yi.

Tunda Kaduna gari ne na sojoji, ga Kwalejin Horas da Hafsoshin Soja ta NDA, ga Runduna ta Ɗaya, ga Jaji a kusa, ya kamata a faɗa tun daga farko cewa wannan bayani bai shafi wanda ya yi aiki a sojan Nijeriya ba. Shi hanyarsa daban ce, ta kwamitin likitocin soja da Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja.

Minshari ba shi ne hujja ba

Abin da ke faruwa a nau'in cutar da ya fi yawa shi ne, idan mutum ya yi barci naman maƙogwaronsa da tushen harshensa su saki, su toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da jini ke ɗauke da ita ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta firgita shi ya ja numfashi da ƙarfi ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba. Hakan na iya faruwa sau da dama a cikin sa'a guda. Sakamakonsa shi ne mutum ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi, a masallaci lokacin huɗuba ko a bayan sitiyari a kan hanyar Zariya, kuma idan abin ya daɗe ba a magance shi ba yana ƙara haɗarin hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A gidajenmu an saba ɗaukar minshari abin tsokana, shi ya sa mutane da yawa suke shafe shekaru da cutar ba su taɓa kai maganar gaban likita ba, kuma wannan shirun ne yake zame musu matsala ranar da suka tashi nema.

Neman da zai tsaya yana kan abubuwa uku kamar duwatsun murhu, idan ɗaya ya ɓace tukunya ba ta zama. Na farko shi ne tabbacin likita cewa mai nema yana da cutar a yanzu. Na biyu shi ne wani abu da ya faru a lokacin aiki, ko alamar cutar ce ta fara, ko rauni, ko wata cuta dabam. Na uku shi ne ra'ayin likita da ya ɗaure na farko da na biyu. Na farko kuɗi da tafiya kawai yake ci, na biyu yana cin haƙuri, amma na uku shi ne inda mafi yawan nema yake faɗuwa, don haka a nan ya kamata a zuba mafi yawan ƙoƙari.

A fara kafa rana kafin a fara tara takardu

Kuskuren da ya fi jawo asarar kuɗi shi ne mutum ya zauna sai ya gama haɗa komai sannan ya sanar da ma'aikatar. Akwai fom mai lamba 21-0966 wanda aikinsa kawai shi ne sanar da niyyar nema. Da zarar an karɓe shi, mai nema yana da shekara guda cif ya kammala takardunsa, kuma idan aka amince da buƙatarsa, daga lokacin wannan sanarwa za a lissafa masa kuɗin baya, ba daga ranar da ya miƙa cikakken fom ba. Wanda ya fara cike neman a shafin VA.gov ya adana shi, wannan ma yana kafa masa ranar. Ga mazaunin Kaduna, wanda samun gwaji da takardu kan ɗauke shi watanni, wannan mataki yana iya zama bambancin kuɗin wata shida ko takwas. Shiga shafin yana buƙatar asusun Login.gov ko ID.me, kuma tantance mutum daga waje yakan ɗauki lokaci, saboda haka a ajiye fasfo da lambar shaidar mutum ta Amurka, wato Social Security, a kusa. Wanda bai cika shekara da barin aiki ba ya gaggauta, domin idan ya nema a cikin wannan shekarar ana iya lissafa masa tun daga washegarin ranar sallamarsa.

Sai gwajin barci. Ma'aikatar ba ta karɓar maganar likitan da ya ce daga jin bayani yana ganin cutar ce, dole sai an yi gwajin da ake manna wa mutum wayoyi a kai da ƙirji da yatsa, a auna numfashinsa da bugun zuciyarsa da iskar jininsa dare guda. Akwai kuma ƙaramar na'urar da ake tafiya da ita gida a kwana da ita. Sakamakon yana fitar da adadin lokutan da numfashi ya tsaya ko ya ragu a kowace sa'a: daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Hanya mafi kyau ita ce a fara da ganin likitan huhu ko na kunne da hanci da maƙogwaro, a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke cikin Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika, a nemi ya tura mutum inda ake yin gwajin, ko da hakan na nufin hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Kada a karɓi taƙaitaccen sakamako na layi biyu. A nemi cikakken rahoton da na'urar ta fitar, da fassarar likita a kai, da sunansa da sa hannunsa da lambar rajistarsa da kwanan wata, a kan takarda mai tambarin asibiti. Idan likita ya ga ana buƙatar na'urar CPAP, wato wadda ke hura iska ta hanci don hanya ta zauna a buɗe, to ya rubuta a fili cewa lafiyar mara lafiyar tana buƙatarta. Wanda ya sayo na'urar da kansa ba tare da wannan rubutu ba, bai riƙe hujjar komai ba.

Abin da ya faru a lokacin aiki

Takardar sallama, DD214, ita ce tushe, tare da fayil ɗin asibitin soja. Ana iya neman kwafi da fom SF-180 daga cibiyar ajiye bayanan ma'aikata da ke St. Louis a jihar Missouri. Ma'aikatar da kanta tana da nauyin nemo waɗannan takardu, amma yana da kyau mai nema ya karanta fayil ɗinsa shafi bayan shafi kafin kowa, yana neman duk inda aka ambaci gajiya, rashin barci, ciwon kai na safe, toshewar hanci, karayar hanci, hawan jini ko hauhawar nauyin jiki. Soja ba ya son zuwa asibiti a kan gajiya, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar babu komai.

Inda fayil ya yi shiru, shaidar mutane tana cike gurbi, kuma doka ta yarda da ita a kan abin da ido ya gani ko kunne ya ji. Fom 21-10210 shi ne na shaidu. Abokin da aka kwana tanti ɗaya da shi zai iya rubuta cewa a shekara kaza, a sansani kaza, yakan ji numfashin mai nema ya ɗauke har sai ya taɓa shi. Uwargida kuwa shaidarta ta fi ta kowa nauyi idan auren ya riski lokacin aiki ko ya zo dab da shi, domin ita ce ta san daren da ta tashi a tsorace tana girgiza maigida. A nan kunya takan hana mata faɗin abin da suka sani, sai su rubuta cewa maigida mutumin kirki ne mai fama da rashin lafiya, wanda ba ya amfanar kowa. Abin da ake so shi ne yaushe abin ya fara, sau nawa a dare, wane irin sauti, kuma yaya yake wuni. Kada shaida ta ce cuta kaza ce, wannan aikin likita ne. Idan da Hausa ta rubuta, a haɗa da fassarar Turanci wadda mai fassara ya sa wa hannu. Kuma kowane fom ana sa masa hannu ne bisa sanin cewa ƙarya a cikinsa laifi ne a dokar Amurka, saboda haka ba a ƙara gishiri.

Ɗaure cutar da aikin

Hanya biyu ce. Ta kai tsaye ita ce a nuna cewa cutar ta fara tun mutum yana cikin kaki. Idan an yi masa gwajin barci tun yana aiki, magana ta kusa ƙarewa. Idan kuwa sai bayan shekara goma da sallama aka gano ta, to likitan da ma'aikatar za ta tura wa fayil zai fi karkata ga cewa shekaru da ƙiba ne suka kawo ta, kuma sai an kawo masa hujjar da ta fi wannan ƙarfi.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi dacewa da yawancin waɗanda suka daɗe da barin aiki, ita ce a nuna cewa wata cuta da ma'aikatar ta riga ta amince aikin soja ne ya jawo ta, ita ce ta haifar da ɗaukewar numfashin ko ta tsananta shi. Toshewar hanci mai ɗorewa, kumburin ramukan hanci, da karkacewar ƙashin hanci bayan rauni, duk suna da alaƙa ta zahiri da hanyar iska. Akwai masu bi ta ciwon firgici na bayan yaƙi, PTSD, musamman idan magungunan da ake ba su suna sa ƙiba ko suna sakin tsoka. Ƙiba ita kanta ba nakasa ba ce a ƙa'idar ma'aikatar, amma tun 2017 babban lauyanta ya fitar da ra'ayi cewa tana iya zama tsani tsakanin cuta biyu, misali gwiwar da ta lalace a aiki ta hana mutum motsa jiki, nauyi ya hau, nauyin ya toshe maƙogwaro. Wannan silsila sai an bi ta da lambobi, wato nauyin mutum a shekarar shiga aiki, da shekarar rauni, da shekarar gwaji.

Dokar PACT da aka sa wa hannu ranar 10 ga Agusta 2022 ta sauƙaƙa wa waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a wurare irin su Iraƙi da Kuwait daga 2 ga Agusta 1990, da Afghanistan da Jibuti daga 11 ga Satumba 2001. Ɗaukewar numfashi a barci ba ta cikin jerin cututtukan da dokar ta ce a ɗauka kai tsaye cewa aiki ne ya kawo su, amma toshewar hanci mai ɗorewa da kumburin ramukan hanci suna ciki. Saboda haka wanda ya yi aiki a waɗannan wurare kuma yake fama da hanci, ya fara neman amincewa a kan hancin, sannan ya ɗora maganar barci a kansa.

Wasiƙar likita da za ta yi wannan ɗauri tana da siffar da ake nema, kuma likitocinmu na nan ba su saba da ita ba, don haka sai an yi musu bayani cikin ladabi. Likita ya faɗi ƙwarewarsa, ya faɗi takardun da ya karanta, har da fayil ɗin soja, sannan ya bayyana yadda cutar farko take kai wa ga ta biyu a jikin wannan mutum musamman, ba a jikin mutane gaba ɗaya ba. Idan akwai wasu dalilai kamar shekaru ko shan taba, kada ya ɓoye su, ya ambace su ya faɗi abin da ya sa ba su kore ra'ayinsa ba. Ma'aunin da doka ta sa shi ne yiwuwar alaƙar ta kai kashi 50 cikin 100 ko fiye, kuma jimlar da masu duba fayil suke nema ita ce "at least as likely as not". Likitan da ya rubuta cewa mai yiwuwa ne, ko ba za a rasa alaƙa ba, bai kai ma'aunin ba. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, dokar ta ce a rinjayar wa tsohon soja, don haka ba a bukatar likita ya rantse a kan abin da ba shi da yaƙini, gaskiyar abin da ya gani kawai ake so, da dalilinta.

Miƙawa da gwajin ma'aikatar

Babban fom shi ne 21-526EZ. Ana cike shi a intanet ko a aika ta gidan waya zuwa cibiyar karɓar shaidu da ke Janesville a jihar Wisconsin, amma daga Kaduna intanet ya fi aminci, kuma a ajiye shaidar miƙawa. Akwai fom 21-4142 da ke ba ma'aikatar izinin neman bayanai daga asibitoci masu zaman kansu, sai dai kada a dogara da cewa wasiƙa daga Amurka za ta isa ofishin ajiyar fayil na wani asibiti a nan har a amsa ta a kan lokaci. Mai nema ya karɓo kwafin da kansa ya ɗora. A fom ɗin a rubuta a fili idan ta hanya ta biyu ake nema, a ambaci cutar da ake jinginawa a kanta.

Babu wanda doka ta yarda ya karɓi kuɗi don shigar da nema na farko. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna taimakawa kyauta idan aka naɗa su da fom 21-22, lauya mai rajista kuwa sai bayan an yanke hukuncin farko yake da ikon cajin kuɗi. Duk wanda ya kira ta WhatsApp yana neman kaso daga kuɗin wata-wata ko kalmar sirrin asusu, a rabu da shi.

Bayan miƙawa ma'aikatar takan shirya nata gwajin ta hannun likitan da aka ba kwangila, ko kuma a duba fayil kawai. A tabbata lambar waya da imel da adireshi daidai suke, kuma a tuna cewa agogon Kaduna yana gaban na Washington da awa 5 ko 6 gwargwadon lokacin shekara, don haka kira kan shigo bayan la'asar ko da dare. Rashin halartar gwaji ba tare da uzuri ba yana iya sa a yanke hukunci a kan abin da ke cikin fayil kawai. A gaban likitan, al'adarmu ta amsa "lafiya lau" ga duk wanda ya tambayi jiki ba ta da wuri, a faɗi yadda mummunan dare da mummunan wuni suke.

Maki da kuɗi

A jadawalin da ma'aikatar ke auna girman nakasa da shi, kashi nawa cikin 100, cutar tana ƙarƙashin lamba 6847. Kashi 0 na wanda gwaji ya nuna cutar amma ba ta damunsa ne, kashi 30 na mai yawan jin barci da rana a kai a kai, kashi 50 na wanda yake buƙatar na'urar taimakon numfashi irin CPAP, kashi 100 kuwa na wanda numfashinsa ya gaza har gurɓatacciyar iska tana taruwa a jininsa, ko ɓangaren dama na zuciyarsa ya taɓu, ko aka huda masa maƙogwaro. A watan Fabrairu 2022 ma'aikatar ta gabatar da shawarar sauya wannan ma'auni ya koma kan yadda magani yake yi wa mutum aiki, saboda haka a duba ƙa'idar da ke aiki a ranar nema, wannan kuma ƙarin dalili ne na kafa rana da wuri. A jadawalin biya da ya fara aiki ranar 1 ga Disamba 2024, tsohon soja shi kaɗai mai kashi 50 ya riƙa karɓar dala 1,102.04 a wata, ba haraji, kuma ana sabunta adadin kowace shekara. Daga kashi 30 zuwa sama ana ƙara wani abu saboda iyali idan an cike fom 21-686c, wanda ke nufin a tanadi takardar aure da takardun haihuwar yara, abin da yawancin auren da aka ɗaura a ƙofar gida ba ya zuwa da shi sai an nema.

Ba a tara maki kamar lissafin kasuwa. Mai kashi 50 da ya sami ƙarin kashi 30, ana ɗaukar kashi 30 cikin 100 ne na ragowar 50, wato 15, a ƙara a kan 50 ɗin farko, ya zama 65, sannan a mayar da shi 70. Haka kuma ba a ba da maki biyu a kan wannan cuta da asma, ana ɗaukar wadda ta fi rinjaye ne.

Idan aka ƙi amincewa, wasiƙar hukunci tana faɗin abin da aka yarda da shi da abin da ya rage, kuma daga nan ake zaɓar hanya. Tun 19 ga Fabrairu 2019 hanyoyin uku ne: fom 20-0995 ga mai sabuwar hujja, fom 20-0996 ga wanda yake ganin an yi kuskure a kan hujjar da ke akwai kuma yana son babban jami'i ya sake dubawa, da fom 10182 na ɗaukaka ƙara gaban alƙalan hukumar sauraren ƙararrakin tsoffin sojoji. Idan dalilin ƙi shi ne rashin alaƙa, ta farko ce ta dace, da ingantacciyar wasiƙar likita wadda ta amsa dalilan likitan ma'aikatar ɗaya bayan ɗaya. A yi hakan a cikin shekara guda daga ranar wasiƙar don kada ranar da aka kafa ta kuɓuce.

Wanda aka amince masa ya yi rajista da shirin kula da lafiyar mazauna ƙasashen waje da fom 10-7959f-1, domin shirin yana biyan kuɗin maganin cutar da aka amince da ita ko da a Nijeriya aka yi shi, sai a riƙa ajiye rasit da takardar likita na kowane abu. Na'urar CPAP tana adana bayanan awannin da aka yi amfani da ita, kuma waɗannan bayanai hujja ce idan aka kira mutum sake dubawa. A Kaduna wannan yana nufin a tanadi batir da inbata ko sola wadda za ta riƙe na'urar har asuba idan an ɗauke wuta, a zuba mata tataccen ruwa maimakon na famfo ko rijiya, kuma a lokacin hunturu a riƙa duba matatar iskarta kowane mako saboda ƙura.